Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda A Kan Ranar Jarrabawar Faransanci

Hakimai sun fi kowa sanin cewa ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Nijeriya, watau Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk Faransanci na aiki a ofisoshinsu da makarantunsu. Saboda haka samari da 'yan mata da yawa sun duƙufa ga koyon harshen nan, wasu don fatauci, wasu don aikin tafinta, wasu kuwa don neman shiga jami'a a ƙasashen waje. Amma iya magana kaɗai ba ta gamsar da masu ɗaukar ma'aikata, sai sun ga takardar shaida.

Takardun da aka fi sani su ne DELF da DALF, waɗanda Ma'aikatar Ilmi ta Faransa ta ƙago a 1985. Tun daga 2005 aka shirya su hawa shida. A1 da A2 da B1 da B2 su ne na DELF, C1 da C2 kuwa na DALF. Wanda ya samu ɗaya ta zama tasa har ƙarshen ransa. Akwai wata jarrabawa kuma da ake kira TCF, amma ita shaidarta shekara 2 kaɗai take aiki. A Nijeriya cibiyoyin Alliance Française da Institut Français na Abuja su ke shirya zaman jarrabawar. Galibin masu neman jami'a B2 suke nufa, don haka a kanta za a fi tsayawa.

Jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, da karatu, da rubutu, da magana. Kowane kashi maki 25 gare shi, duka 100 ke nan. Mai neman ci sai ya samu 50. To, amma akwai wani sharaɗi da yara kan manta: wanda ya kasa samun 5 a kashi ɗaya tak ya faɗi, ko da ya kwashe sauran ukun kaf. Yaron da ya taso a bakin iyaka, bakinsa ya goge da Faransancin kasuwa, rubutu ke ka da shi. Wanda kuma ya koya daga littafi a ɗaki, kunnensa bai saba ba, saurare ke ka da shi. Lalle ne malami ya gane inda ɗalibinsa ya fi rauni, ya tsare shi a nan a makonnin ƙarshe.

Abin da ya fi shafar magatakarda shi ne sha'anin suna. Ranar jarrabawa tilas ɗalibi ya nuna takardar kira da cibiya ta ba shi, da katin shaida mai hoto, kuma sunan da ke jikinsu ya zama ɗaya. An san halin rubutun sunaye a ƙasar nan. Mutum ɗaya ya zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mamman a ta makaranta. Wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram ya zo da Ousmane, alhali ofishin hakimi ya rubuta Usman. Yadda aka rubuta suna da ranar haihuwa sa'ad da aka yi rajista, haka za a buga su a takardar shaida can Faransa, gyara kuwa yana cin lokaci. In yaro ya zo neman wata takarda daga ofishin hakimi, kyautuwa magatakarda ya sa shi ya kawo duk takardunsa, a daidaita su harafi da harafi tun kafin ya biya kuɗin shiga.

Ɗalibin da garinsu ke nesa ya kwana a birnin da za a yi jarrabawar, kada ya dogara ga motar asuba. Da saurare ake farawa, in an kunna na'ura ba a mayar da ita baya don wanda ya makara, kuɗinsa kuwa sun tafi, sai ya jira wani zama. Ya riƙe biro biyu, baƙi ko shuɗi. Wayar hannu a kashe ta a ajiye, ƙamus kuma ba ya shiga ɗakin DELF. Ya duba takardar kiransa da kyau, gama sau da yawa ranar magana daban take da ranar rubutu.

A B2 saurare kamar minti 30 ne. Wasu maganganun sau biyu za a ji su, wasu sau ɗaya kurum, don haka a karanta tambayoyi tun ba a fara ba. A nan ƙidaya kan rikita mutane, domin Bafaranshe 70 sittin da goma yake ce mata, 80 ashirin huɗu, 90 kuwa ashirin huɗu da goma. Wanda ya tsaya lissafi, magana ta wuce shi. Maganinsa a dinga karanta wa ɗalibi lambobi kullum yana rubutawa, ya kuma lizimci sauraron labarun rediyo da Faransanci.

Karatu sa'a ɗaya ne, rubutu ma sa'a ɗaya. Ana son kalma 250 ko fiye, yawanci wasiƙa ce zuwa ga wani shugaba, ko bayanin ra'ayi da hujjoji. Magatakarda sun san wasiƙar Sarki ba a buɗe ta yadda ake buɗe ta aboki. To, Faransawa ma suna da nasu ladubban buɗewa da rufewa, ana kuwa ba da maki a kansu. Ya bar minti biyar na ƙarshe don bin jinsin kalmomi. Hausa ma tana da namiji da tamata, amma ba su faɗa daidai da na Faransanci ba: rana mace ce a Hausa, a wurinsu namiji, wata namiji ne a Hausa, a wurinsu mace.

Sai magana. Ɗalibi zai zari takarda biyu ya zaɓi ɗaya, a ba shi minti 30 ya shirya, sa'an nan ya shiga gaban masu jarrabawa wajen minti 20. Da farko ya bayyana ra'ayinsa, daga nan su yi masa gardama da gangan, su ga ko zai iya kare abin da ya faɗa. Yaron da aka yi wa tarbiyya ya saba sunkuyar da kai gaban manya, ya ce "to" ga duk abin da suka ce. Hali ne mai kyau a zaure, amma a ɗakin nan asarar maki ce. Iyaye da hakimai su gaya masa an yarje masa ya ɗaga kai ya yi musu cikin ladabi. Ya kira su da "vous", kada ya ce "tu", ya kuma fitar da harafin farko sosai, don in ya karkace ya zama "fou" ya ce wa mai jarraba shi mahaukaci ke nan.

Bayan an gama gyara, cibiya takan ba wanda ya ci takardar riƙon ƙwarya, ainihin shaidar kuwa sai bayan 'yan watanni take isowa daga Faransa. In ta iso, ɗalibi ya duba sunansa da ranar haihuwarsa nan take, ya sanar da cibiya in ya ga kuskure.