Yadda Muka Daidaita Injin Zarton Reshe: Jawabin Kwamitin Benci



Mai girma Shugaban Reshe, Malam Sakatare, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, 'yan uwa malamai maza da mata. An umarci kwamitinmu ya tsaya gabanku ya faɗi dalilin da ya sa aikin benci ya tsaya cik har mako uku, da dalilin da ya sa wani kaso na katakon da aka saya da kuɗinku ya koma itacen girki. Za mu faɗi abin yadda ya faru, har da inda laifin yake namu.

Kun san abin da ya kai mu ga sayen injin nan. Mun gaji da ganin ɗalibanmu zaune a ƙasa, allo a sama, littafi a gwiwa, alhali karyayyun bencina na jibge a bayan ajujuwa. Muka yi karo-karo muka sayi injin zarto na hannu, irin mai tebur, wanda faifan zartonsa ke leƙowa ta tsakiyar teburin. Da yawa daga cikinmu mun fara ganin irinsa ne muna ƙaramar sakandare, lokacin tsarin 6-3-3-4, yana lulluɓe da ƙura a ɗakin koyon sana'a. Mun zana shi a littafi, mun haddace sunayen sassansa, mun ci jarrabawa, amma ba mu taɓa jin ƙararsa ba. Da wannan ilimi muka karɓi injin, aka ɗora shi a a-kori-kura, aka bi da shi hanyar nan tamu mai ramuka, aka sauke, muka ce a fara aiki.

Tun makon farko alamu suka bayyana. Gefen katako yana fitowa baƙi ƙirin kamar an gasa shi, rumfa ta cika da ƙauri. Injin yana gurnani idan falanki ya kai rabi. Mai turawa sai ya sa ƙarfi, gumi na zuba, kamar mai tura mota. Muka ce faifan ne ya dakushe, aka kai shi wasawa, ba ta sauya zane ba. Muka ce janareta ne ba shi da ƙarfi. Muka ce katakon ne ɗanye. Daga ƙarshe muka ɗora laifin kan saurayin da ke aiki da injin, ɗan ɗaya daga cikin membobinmu, muka ce hannunsa ne ba ya tsayawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar da muka dawo hayyacinmu wata Asabar ce. Ana tsaga falankin maɗaci, sai muka ji ƙara kamar an buga ganga. Kafin ƙiftawar ido falankin ya bar teburin, ya wuce ta gefen haƙarƙarin yaron nan, ya daki ƙofar langa-langa ya lotsa ta. Lotsewar tana nan, duk mai so ya je ya gani, ya kuma auna tsayinta daga ƙasa: daidai kan ɗan aji uku take, kuma 'ya'yanmu sukan tsaya a bakin ƙofar nan suna kallo. Wasu suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan tsautsayi mu muka yi masa shimfiɗa.

Ga yadda abin yake. Faifan namu mai inci 10 ne, wato milimita 254, kuma irinsa yakan yi juyi tsakanin 3,000 da 4,000 a minti ɗaya. Duk malamin lissafi da ke nan zai iya bugawa: haƙoran bakinsa suna gudun da ya kai kilomita 150 a awa, ko fiye. Haƙoran gaba, waɗanda ke fuskantar mai aiki, ƙasa suke nutsawa, su ne ke yanka, suna kuma danne katako a kan tebur. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa, sannan su nufo mai aiki. Ba su da aikin yi da katako, kamata ya yi su bi ta cikin tsagar da na gaba suka buɗe ba tare da sun ci komai ba. Idan faifan ya karkace ko da kaɗan, har bayansa ya matso kusa da shingen, wato dogon ƙarfen da katako ke jingina da shi yana tafiya, to hanya ta zama mai faɗin baki da ƙunƙuntar ƙarshe. Katako ya matse, haƙoran baya su goge shi har ya ƙone, ran da suka sami kamu mai kyau kuma su ɗaga shi su jefo.

Wanda ya fahimtar da mu wannan wani dattijon kafinta ne, mahaifin ɗaya daga cikin malamanmu mata. Da Baba ya iso, bai kalli injin ba sai da ya zare filogi ya ajiye shi a kan teburin inda idonsa ke gani. Ya ce kashe makunni bai isa ba a ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama. Wannan shi ne darasi na farko, kuma muna roƙo matan gida da ke da injin markaɗe su ma su riƙe shi.

Bai fara da kwance noti ba. Ya cire faifan, ya kankare ƙaron da ya daskare a haƙoransa, ya goge fuskar ƙarafan nan biyu masu kama da washa da ke matse shi, domin ƙwayar garin katako ɗaya a tsakaninsu tana iya sa faifai rawa. Ya mayar, ya girgiza shi hagu da dama ya ji ko boris ya ci, ya juya shi da hannu yana duba ko ya lanƙwashe. Duk lafiya lau. Da faifan ne ya lanƙwashe, babu daidaitawar da za ta yi magani sai sabo.

Sannan ya tambaye mu: a duk injin nan, mene ne ba ya motsi? Muka yi shiru kamar 'yan aji ɗaya. Ya nuna mana dogayen ramukan nan biyu da aka sassaƙa a kan teburin ƙarfen, kamar 'yan kwatoci, ɗaya a hagun faifai ɗaya a dama, inda ƙarfen tura katako ke gudu. Faifai yana gocewa, shinge yana gocewa, amma kwatar nan tare da teburin aka yi ta. Saboda haka ita ce alƙali, da ita ake gwada kowa. Mu da muke koya wa yara layuka biyu masu tafiya tare ba sa haɗuwa, ba mu taɓa tunanin darasin nan yana iya tsare ran mutum ba.

Kayan awonsa ba su fi ƙarfin kowa ba: guntun katako, da sukuru ɗaya da ya murɗa a bakinsa, da alli. Ya ɗaga faifan har ƙarshe, ya shafa wa haƙori ɗaya alli, ya juyo shi gaba daidai saman tebur. Ya ɗaure guntun katakon a jikin ƙarfen turi a kwatar hagu, ya murɗa sukurun har kansa ya ɗan taɓa haƙorin, taɓawar da sai kunne ke ji. Sai ya juya wannan haƙori mai alli zuwa baya, ya zura ƙarfen turin ya bi shi. Dole ne haƙori ɗaya a gaba da baya, domin haƙoran faifai ba a jere suke sak ba, wani ya karkata hagu wani dama, idan aka gwada biyu daban awon ƙarya zai bayar. A baya sai ga rata tsakanin sukuru da haƙori. Ba mu da siraran ƙarafan awo irin na makanikai, sai muka ɗauko takardar A4 irin wadda muke buga jarrabawa da ita, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.1 ba. Guda biyar suka shige. Rabin milimita ke nan, abin da ido ba ya gani, shi ya ci mana katako ya kusa cin mutum. Abin da ake so shi ne ratar kada ta wuce kaurin takarda ɗaya.

Gyaran kansa haƙuri yake ci. A irin injinmu, ƙarafan da ke riƙe da faifan a ƙarƙashin teburin aka ɗaure su da noti huɗu. A manyan injina kuwa a jikin akwatin suke, sai a sassauta teburin a juya shi maimakonsu, don haka kowa ya leƙa ƙarƙashin nasa kafin ya ɗauki sifana. Baba ya sassauta uku, ya bar na huɗu da ɗan ƙarfi ya zama kamar ƙusar da komai ke juyawa a kanta. Ya jingina guntun katako da mariƙin baya, ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Bai yarda ƙarfe ya daki ƙarfe ba, domin irin wannan ƙarfen zubi fashewa yake yi, ba ya lanƙwasa. Ƙwanƙwasa, awo, ƙwanƙwasa, awo. Da ratar ta ɓace muka yi murna, ɗayanmu ya kama sifana ya ɗaure noti ɗaya tamau, nan take awon ya sake gocewa. Ashe ɗaurin ma yana jan ƙarfen. Sai a bi notocin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ƙetarensa, ana gwadawa bayan kowane zagaye. Sau huɗu muka maimaita, la'asar ta same mu kwance a ƙarƙashin tebur, garin katako a gashin ido.

Bayan faifai sai shinge. Da can tef muke sawa mu auna daga gaban faifai kawai, mu kulle. Yanzu da kwatar muke gwada shi, gaba da baya. Baba ya bar bayansa ya ɗan buɗe waje da kaurin takarda ɗaya ko biyu, ya ce buɗewa kaɗan ba ta da illa, matsewa ce ba a yarda da ita ba ko da ta gashi ɗaya. Sannan ya tsayar da sukwaya a jikin faifan, tsakanin haƙora, ya tabbatar yana tsaye a digiri 90.

Saura abin da ya fi ba mu kunya. A bayan faifan akwai wani siririn ƙarfe mai kama da lauje, aikinsa ya shiga cikin tsagar ya hana katako rufewa ko komawa kan haƙoran baya. Mu muka cire shi da hannunmu a makon farko, shi da murfin faifan, saboda katako yana tokare da shi. Yana tokarewa ne domin faifan ya bar layinsa. Ƙarfen yana gaya mana akwai matsala, muka sallame shi daga aiki. Da yana wurin ranar Asabar ɗin nan, da wuya falankin ya tashi. An mayar da shi, an ɗora rula a jikin faifan an daidaita shi a bayansa sak, an mayar da murfin.

Falankin gwaji na malaina ya wuce kamar ana yanka sabulu. Gefensa fari tas, faɗinsa ɗaya a kai da gindi, injin bai yi gurnani ba, da janaretan nan da muka zarga, da hannun yaron nan da muka zarga. Mun ba shi haƙuri a rumfa, muna kuma sake ba shi da mahaifinsa haƙuri a gaban wannan taro.

Abin da kwamiti ke nema daga gare ku kaɗan ne. A amince cewa za a yi awon haƙori mai alli a farkon kowane wata, da duk lokacin da aka matsar da injin ko aka sauya faifai, a rubuta a littafin da muka rataye a rumfa, wanda ya gwada ya sa hannu. Kada kowa ya sake cire laujen baya. Mai aiki ya tsaya a gefe, ba a saitin faifai ba, ya tura siririn katako da sandar turi, ba da yatsu ba. Muna neman kuɗin tabarau biyu na kare ido da kwado ɗaya na ƙofa. Iyaye mata kuma, don Allah, a hana yara zuwa bakin rumfa ranar aiki, ko da aiken abinci ne a ba babba.

Katakon da ya rage zai ishe mu bencin aji biyu. Za mu koma aiki ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, in Allah ya yarda, kuma Baba ya yi alkawarin zuwa ya sake nuna awon ga duk wanda ke so ya koya. A zo da alli.