Jamusanci a Bakin Ɗan Kasuwa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya



Shugabanni sun nemi mu 'yan kasuwa masu zuwa ƙasar Jamus sayo motoci da kayan gyara mu yi bayani a kan harshen mutanen can, watau Jamusanci, saboda yaranmu sun dame mu da tambaya. Mu ba malaman harshe ba ne. Karatunmu na Islamiyya ne, sai ɗan Turancin da kasuwa ta koya mana. To amma asarar da muka tafka saboda rashin jin wannan harshe ta isa ta sa mutum ya tsaya gaban jama'a ya yi magana.

Bari mu fara da ƙidaya, don nan ne kuɗi ke zurarewa. Bajamushe ba ya cewa arba'in da biyar kamar yadda muke faɗa. Ƙaramar lamba yake fara kira, ya ce fünfundvierzig, watau biyar da arba'in. Hamsin da huɗu kuwa vierundfünfzig, huɗu da hamsin. Wani ɗan'uwanmu, yana nan zaune cikinku, ya yi cinikin kayan gyara guda 200 ta waya. Aka ce masa vierundfünfzig, ya ji huɗu ya ji biyar, ya rubuta 45 a littafinsa, har ya yi wa abokan cinikinsa na gida farashi a kan haka. Da takarda ta zo sai ga yuro 54 kowane ɗaya. Bambancin yuro 9 sau 200, kun ga 1,800 ke nan, kuma ba wanda ya cuce shi, kunnensa ne ya ci masa riba. Abin haushin shi ne wannan ƙidaya mun san ta tun muna yara. A Larabci ai hamsatun wa arba'una muke cewa, biyar da arba'in. Tun ranar da muka lura da haka ƙidayarsu ta daina ba mu wahala.

Haka kuma a rubuce, inda muke sa waƙafi su ɗigo suke sawa. In ka ga 1.500 to dubu ɗaya da ɗari biyar ne, in ka ga 1,50 kuwa yuro ɗaya da rabi ne. Sa'annan agogo. In ya ce maka halb drei, kada ka je ƙarfe uku da rabi. Ƙarfe biyu da rabi yake nufi, watau rabin hanya zuwa uku. Mutanen nan kuma ba su san "ina nan tafe" ba. Ka makara da awa guda, ka tarar ya rufe gareji ya tafi.

To sai nahawu, wanda shi ne dodon da ke korar mutane. Kowane suna a Jamusanci yana da jinsi, kuma jinsin uku ne: der na namiji, die na mace, das na wanda ba namiji ba mace ba. Mu Hausawa mun saba da biyu. Mun san wuƙa mace ce, cokali namiji ne, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Su ma haka: der Löffel cokali, die Gabel cokali mai yatsu, das Messer wuƙa. Uku a faranti ɗaya, kowa da jinsinsa. A wani wurin muna dacewa, don rana mace ce a wurinsu, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, daidai da Hausa da Larabci. Abin da ya ba mu dariya shi ne yarinya, das Mädchen, ba a sa ta cikin mata ba, saboda duk kalmar da ta ƙare da -chen jinsi na uku take shiga. Wadda ta ƙare da -ung ko -heit ko -keit kuwa mace ce, kamar yadda yawancin kalmominmu masu ƙarewa da "a" suke mata. Shawarar da za mu ba mai koyo ita ce kada ya haddace suna shi kaɗai. Ya haddace shi tare da der ko die ko das ɗinsa, kamar kalma guda.

Wanda ma ke kukan jinsi uku ya tuna inda yake zaune. Iyayenmu sun zo Gombe daga Kano da Katsina da Zazzau, sun tarar da Fulatanci mai rukunin suna fiye da 20, nagge nge, puccu ngu, kowane da nasa. Da yawansu sun iya shi a kasuwar shanu ba tare da allo ba.

Inda ɗan Islamiyya ya fi kowa sa'a shi ne i'irabi. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ajurumiyya ya san suna yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla: fa'ili ya ɗauki rufu'a, maf'uli ya ɗauki fataha, wanda harafin jarra ya shiga masa ya ɗauki kisira. Jamusanci ma haka yake, sai dai halayensa huɗu ne, kuma canjin ya fi fitowa a ɗan harafin da ke gaban sunan. Mutum in shi ya yi aikin der Mann ne. In a kansa aikin ya faɗa den Mann. In shi aka bai wa abu dem Mann. In abin nasa ne des Mannes. Mun zauna aji ɗaya da masu digiri a Turanci suna ta zufa a kan wannan, mu kuwa da muka ce a ranmu "ai fa'ili ne da maf'uli" sai hanya ta buɗe. Malamanmu na zaure, Allah Ya saka musu da alheri, ba su san har Hambug karatunsu zai yi mana rana ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta harshen da ke koya wa mutum haƙuri. Sau da yawa aikatau sai a ƙarshen jimla yake zuwa. Zai ce Ich habe das Auto gestern gekauft, watau "na motar jiya saya". In ka katse shi kafin ya kai ƙarshe, ba ka san ko saya ya yi ko sayarwa ba, don kaufen saya ne, verkaufen sayarwa, 'yan'uwan juna kamar dai a Hausa. Kalmar nicht mai kore magana ita ma takan maƙale can kusa da ƙarshe. Mu da muka saba tarar numfashin mai magana a kasuwa, wannan ya gyara mana zama.

Batun ladabi kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Yadda muke ce wa babba "ku", haka suke ce wa wanda ba su saba da shi ba Sie, aboki da yaro kuma du. Kada ka ce wa ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan du.

Kalmominsu dogaye ne har su ba ka tsoro, amma haɗe-haɗe ne, irin namu na gidan waya da jirgin sama, sai dai su manne su suke yi, kuma daga baya ake warware su. Krankenhaus gidan marasa lafiya, asibiti ke nan. Handschuh takalmin hannu, watau safar hannu. Wasu ma tsofaffin sani ne, Zucker sukari ne, asalinsa daga Larabci. Amma kalmomin da muke roƙon duk mai shirin sayen mota ya sani su ne waɗanda ake rubutawa a takardar ciniki. Motorschaden injin ya lalace. Getriebeschaden giya ta lalace. Unfallwagen motar ta taɓa yin haɗari. Bastlerfahrzeug mota ce ta mai son gyare-gyare, ma'ana kada ka sa rai za ta kai ka ko'ina. A farkon zuwanmu mun taɓa haɗa kuɗi mu uku muka sayi Marsandi mai sheƙi, farashinta ya yi mana arha ƙwarai. Aka ɗora ta a jirgin ruwa, muka biya dako, muka biya kwastan, sai da ta iso aka ga injin a ƙone yake. Da muka koma da ƙorafi sai mai garejin ya ɗauko takarda ya nuna mana kalma ɗaya, Motorschaden, ga kuma sa hannunmu a ƙasa. Ba mu da ta cewa. A titin Billstraße na Hambug, inda ake loda tsofaffin kaya zuwa Afirka, za ka iya ciniki da Turanci tun safe har dare, amma takarda da Jamusanci take zuwa, kuma ita ake bi.

Sai na ciki. Schwein alade ne, kuma yana ɓuya a cikin Schinken da Speck da yawancin Wurst. A karanta bayan kwali kafin a kai baki. Masu ɗan Turanci kuma su kiyaye, Gift a wurinsu guba ce.

To ta ina za a koya? Mu dai kunnenmu da ƙwallo ya buɗe. Tun zamanin da Okocha ke Eintracht Frankfurt, lokacin da ya yi ta wana 'yan baya da Oliver Kahn a 1993 kafin ya jefa ta raga, har zuwa 2024 da Boniface ya ci kofin Bundesliga da Leverkusen, yaranmu ba su rabu da kallon wasan Jamus ba. Su nemi mai sharhin Jamusanci maimakon na Turanci. Mai sharhi kalmomi kaɗan yake ta maimaitawa, kuma idonka na ganin abin da yake faɗa. Tor an ci, kuma ita ce kalmar babbar ƙofa. Abseits satar gida. Elfmeter mita sha ɗaya, watau fenariti. A can ne za ka ji ƙidayar mintuna har ta zauna maka. Sai dai mu faɗi gaskiya, ƙwallo da waƙa suna buɗe kunne ne kawai, ba sa karanta maka takardar ciniki. Dole a zauna da littafi da alƙalami.

Gidan rediyon Deutsche Welle, wanda sashensa na Hausa ya fara aiki tun 1963, yana da darussa kyauta a intanet. Akwai wanda ake kira Nicos Weg, fim ne gajere-gajere na wani saurayi baƙo da ya sauka Jamus, kowane kashi da darasinsa, ana kallo a waya. Jarrabawar da ofishin jakadanci ke karɓa kuwa ana yin ta a cibiyar Goethe da ke Legas, matakai shida daga A1 zuwa C2. Jami'o'in Ibadan da Ife da Nsukka suna ba da digiri a harshen. Iyaye su lura da wannan: tun 2007 matar da za ta bi mijinta Jamus yawanci sai ta nuna shaidar A1, mai neman koyon sana'a a can kuma galibi B1 ake nema a wurinsa. Duk dillalin da ya ce wa ɗanku a kawo kuɗi zai kai shi aikin jinya a Jamus ba tare da harshe ba, ku riƙe kuɗinku. Mun ga irin yaran a tashoshin jirgin ƙasa na can, ba takarda, ba baki, kunyar dawowa gida ta hana su motsi.

Harshen kuma bai tsaya Jamus kaɗai ba. Shaddar gezna da muke yayi, a Bludenz ta ƙasar Ostiriya kamfanin Getzner ke saƙa ta, kuma Jamusanci suke yi, ko da yake bakinsu ya bambanta da na Hambug fiye da yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci.

Wani abin da ya kamata ya ɗan sosa mana rai shi ne su sun daɗe da koyon namu. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 yana jin Hausa, kuma a 1855 ya tafi Turai da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda daga bakinsa Schön ya rubuta Hausa mai yawa. Gerhard Rohlfs ya bi ta tsohuwar Gombe a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Bauchi, tun kafin a dawo da hedikwata nan Doma a 1919. A nan kudu da mu, wani farfesa na Jami'ar Frankfurt, Jungraithmayr, ya fitar da ƙamus na harshen Tangale a 1991. Mu kuwa shekara da shekaru muna kai musu kuɗinmu ta bakin tafinta, tafintan ma wani lokaci da mai gareji yake raba la'ada.

Saboda haka ga abin da muka kawo gaban shugabanni. Mu huɗu da muka ɗan iya mun yarda mu riƙa zama da yara da duk mai sha'awa, ran Asabar da Lahadi bayan La'asar, tsawon wata shida, ba ko kwabo. Abin da muke nema daga ƙungiya shi ne ɗaki da allo da man janareta. Wanda ya yi ƙoƙari har malamin da za mu gayyato ya ce ya isa A1, muna roƙon asusun ƙungiya ya ɗauki rabin kuɗin motarsa zuwa Legas. Mata ma a ba su nasu lokaci, akwai 'yar'uwarmu da ta zauna can shekaru, ta ce za ta karɓe su a gida. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi, ya zo ran Asabar da littafin rubutu sabo, don da ƙidaya za mu fara.