Awa Dubu a Gaban Majiyyaci: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Fannin Farfaɗowa ta Ayyukan Yau da Kullum



Mai girma shugaban taro. Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Shugaban wannan makaranta da malamanta. Shugabannin asibitocin da suka buɗe wa ɗalibanmu ƙofa. Iyaye maza da iyayenmu mata da suka yi sammako, wasu daga nesa. Sai ku 'ya'yana da aka taru dominku. Ina yi wa kowa barka da wannan rana, muna kuma gode wa Allah da ya nuna mana ita da rai da lafiya.

An roƙe ni in yi magana a kan fostin, wato zaman horon da ɗalibi yake yi a asibiti kafin a yaye shi. Amma bari in fara da iyaye, don na san a cikinku akwai wanda har yau in an tambaye shi me 'yarsa ta karanta sai ya ce gashin ƙashi. Masu gashin ƙashi 'yan'uwanmu ne, hukuma ɗaya ce ma take yi mana rajista, sai dai aikin ya bambanta. Ku ɗauki tela wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya daidaita masa hawan jini, mai gashin ƙashi ya yi ta fama har ya miƙe tsaye, aka sallame shi. Ya koma gida ya tarar ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa, ba ya iya karkata buta da hannu ɗaya ya yi alwala, ba ya iya tsugunawa a bayan gida, keken ɗinkinsa kuma na nan a shago ƙura ta rufe shi. Daga nan aikin waɗannan yara yake farawa. Su ne za su zauna da shi har ya iya sa rigarsa ba tare da ya kira matarsa ba, su duba ko kujera mai rami za ta shiga banɗakinsa, su gwada ko zai iya taka keken da ƙafar da ta rage masa ƙarfi.

Wannan fanni ya samu ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, lokacin da mutum shida suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar New York. A cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, akwai Eleanor Clarke Slagle, akwai kuma George Barton, mai zanen gine-gine wanda shi kansa ya sha doguwar jinya, ya ga yadda aikin hannu ya taimaka masa. A 1952 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, WFOT, kuma ita ce ta gindaya cewa duk makarantar da take son a amince da karatunta, sai ɗalibinta ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da mutane na gaske a ƙarƙashin kulawa. In ana yin awa 40 a mako, mako 25 ke nan, kusan wata shida. A nan Najeriya hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ce take sa ido a kan karatun da rajistar masu aikin.

To, ƙirga awa dubu ba shi da wuya. Kowane ɗalibi yana da littafin fostin, ana rubuta rana, ana sa hannu, ana buga hatimi. Matsalar ita ce littafin bai san bambancin awa da awa ba. Awar da aka yi a bencin baranda ana jiran oga ya fito daga mitin, da awar da aka yi ana koya wa yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa kai cokali bakinsa, duk awa ɗaya ake rubuta su. Na taɓa riƙe littafin da ya cika maƙil da sa hannu, mai shi kuwa bai taɓa auna hannun wanda ya ƙone ya yi masa abin ɗauri da kansa ba. Ɗaukar fayil ya yi ta yi daga wannan ofis zuwa wancan. Shugaban makaranta ba zai gane haka daga kujerarsa ba, hukumar MRTB ma ba za ta gane ba. Ɗalibin ne kaɗai ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Magana a fostin hanya biyu take bi. Akwai wadda take saukowa daga mai kula zuwa ɗalibi, kuma wannan mun saba da ita, ko da yake ba kullum muke kyautata ta ba. "Ka yi ƙoƙari" ba gyara ba ne, "ba ka iya komai ba" shi ma ba gyara ba ne. Gyara shi ne ka ja ɗaliba gefe bayan majiyyaci ya fita, ka ce mata: kin tsaya a ɓangarensa mai lafiya alhali ta ɓangaren da ya shanye zai faɗi, gobe ki sauya. A faɗa mata a mako na biyu, lokacin da take da sauran damar gyarawa. Abin da aka ɓoye sai ranar ƙarshe aka zuba shi a takardar maki, hukunci ne kawai. Kuma don Allah kada a yi a gaban majiyyaci da mai jinyarsa, domin gobe ita ce za ta dawo ta ce masa ya ɗaga hannu, kuma sai ya yarda da ita zai ɗaga.

Ɗaya hanyar, wadda take hawa daga ɗalibi zuwa sama, ita ce ta fi damuna. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ɗaga ido su kalli babba, kuma ban ce mun yi laifi ba. Kunya ado ce. Amma ku tari ɗalibi ya dawo daga wata biyu a asibiti ku ce masa, yaya fostin? Amsar ɗaya ce: Alhamdu lillahi, lafiya lau. Ko da sau biyu kacal ya ga mai kula da shi, lafiya lau ce. Ko da kuɗin mota ya cinye masa kuɗin abinci, lafiya lau ce. Sai mu rubuta a rahoto cewa ɗalibai sun gamsu, mu sake tura wasu wurin baɗi.

Laifin tambayar ne. Wanda ya tambayi lafiya, lafiya za a ba shi. A tambaye shi abin da ake ƙirgawa: majiyyata nawa ka gwada da hannunka daga farko har ƙarshe? Sau nawa mai kula da kai ya zauna da kai ku biyu? Me aka koya maka a aji da ka je ka tarar ba haka ake yi ba? Wane kayan aiki ka nema ka rasa? Nawa kake kashewa kullum kafin ka isa? Irin waɗannan tambayoyi ba sa tilasta wa yaro ya zagi kowa, don haka zai amsa su ba tare da ya ji ya ci amanar malaminsa ba.

Bayan kunya akwai tsoro, kuma tsoron yana da hujja. Mutumin da ake cewa ka faɗi ra'ayinka a kansa, shi ne yake riƙe da makinka. Muna cewa ba sai ka rubuta suna ba, amma ɗalibi biyu aka tura sashen, kuma an san rubutun kowa. Wace ɓoyewa ke nan? Saboda haka ina roƙon wannan makaranta kada a karɓi ra'ayin ɗalibi sai bayan an miƙa makinsa an rufe. Kada mai kula da shi ya zama shi ne mai karɓar takardar. A tara na rukuni biyu ko uku kafin a kai wa asibiti, yadda ba za a iya nuna yatsa a ce wance ce ta faɗa ba. Akwai kuma ƙorafin da ba ya jiran ƙarshen zango. 'Yarmu da wani ya matsa mata da maganar da ba ta aiki ba, ko ya riƙa kiranta ofis bayan an tashi, tana bukatar mace malama da za ta kira a ranar, tana kuma bukatar tabbacin cewa kiran ba zai ja mata maimaita shekara ba. Iyaye suna zaune a nan, amana suka ba mu.

Abin da ya fi kashe gwiwa shi ne a cika takarda a jefa ta cikin durowa. Ɗalibai suna magana da juna fiye da yadda muke zato. In 'yan aji huɗu suka faɗa wa 'yan aji uku cewa sun rubuta ba abin da ya sauya, shi ke nan, 'yan aji uku za su yi ta zana layi a ƙarƙashin "ya yi kyau" su miƙa. A farkon kowace shekara mai shirya fostin ya tsaya gaban aji ya ce: na bara sun ce kaza, mun gyara kaza, wannan kuma ya fi ƙarfinmu saboda kaza. Ko "ya fi ƙarfinmu" ɗin ma amsa ce, ta fi shiru.

Kada a ɗauka ra'ayin ɗalibi ƙorafi ne kawai. Sau da yawa sabon ido yana ganin abin da mu tsofaffin hannu muka daina gani. Akwai ma'aunin Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965, mai abubuwa goma da ake duba ko mutum yana iya yi da kansa: cin abinci, wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, hawa matakala da sauransu. Ma'auni ne mai amfani, muna aiki da shi. Amma ɗalibar da ta bi wata tsohuwa gida za ta dawo ta ce: ranka ya daɗe, babu matakala a gidan, dokin ƙofa ne yake kayar da ita. A tabarma take kwana, tashi daga ƙasa ne wahalarta. An ba ta cikakken maki a cin abinci don tana iya ci da hagu, amma ta ƙi ci a gaban jikokinta, tana jin kunyar a gan ta da hagu a cikin kwanon tuwo. Babban burinta ta iya zaman tahiya. Wannan ba ya cikin takardar da aka buga a Amurka, kuma in muna son karatunmu ya dace da gidajen da majiyyatanmu suke komawa, daga irin wannan bakin za mu ji.

Shi ya sa nake goyon bayan a riƙa fitar da ɗalibai daga harabar asibiti. Ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, suna cuɗanya da jama'a ana yi musu magani. A Ingila da Kanada ana tura ɗalibai wuraren da babu ma'aikacin wannan fanni sam, malami yana kai musu ziyara. Mu ma muna da makarantun masu bukata ta musamman, da gidajen marayu, da sansanonin 'yan gudun hijira. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024, kuma kowa a nan ya san asibitin da har yau ake ɗaga keken guragu a hannu a tsallaka da shi. Sai dai duk inda malami ya yi nisa da ɗalibi, nan ne aka fi bukatar jin ta bakin ɗalibin.

Ku kuma masu kula da ɗalibanmu a asibitoci, ban zo in ɗora muku laifi ba. Na san a wasu wuraren mutum ɗaya ne a sashen gaba ɗaya, layin majiyyata har baranda, sai ga ɗalibai takwas an sauke masa ranar Litinin ba wasiƙa ba waya. Ba a ƙara masa ko kwabo, da yawa kuma ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake koyarwa. Wani ƙorafin da ɗalibi zai rubuta a kanku, in aka bi diddiginsa, makaranta ce za ta amsa shi. Ku ma a ba ku takardarku ku faɗi yadda aka turo muku yaran, da shiri ko babu. Idan kuma aka kawo muku abin da suka ce, ku karɓa da zuciya ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu gare ku, 'ya'yana. Masu wannan sana'a kaɗan ne a Najeriya, a Arewa kuma sun fi ƙaranci. Ma'anar haka ita ce ba za ku daɗe kuna ƙanana ba. Wasunku nan da shekara biyu ko uku, a wani babban asibitin jiha, za su waiga su ga ɗalibi tsaye a bayansu riƙe da littafin fostin yana jiran sa hannu. Ranar farko ku zaga da shi sashen, ku nuna masa inda ake ajiye kaya da inda zai yi salla, ku tambaye shi abin da yake son ya iya kafin ya tafi. A tsakiyar zango ku zaunar da shi ku ce, me nake yi da ba ya taimaka maka? Zai ce babu komai. Ku sake tambaya mako mai zuwa.

Kafin nan akwai bashin da ƙannenku suke binku. Makinku ya riga ya fita, takardarku na hannun shugaban makaranta, babu wanda zai iya taɓa ta. Na roƙi alfarma an ajiye tebur a bakin ƙofar wannan zaure, da takardu da akwati mai kwaɗo. Bayan an gama hotuna, kafin a wuce wurin walima, kowa ya tsaya ya rubuta gaskiyar abin da ya gani a kowane wurin da aka tura shi: inda aka koya masa, a ambata don a gode musu, inda ya zauna a benci, a ambata don kada a sake tura wani haka. Shugaban makaranta ya yi mini alkawarin za a karanta, kuma ga shi zaune, ga iyaye shaida.

Allah ya sanya albarka a karatunku, ya ba ku haƙurin zama da majiyyata, ya saka wa iyaye da malamai da alheri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.