Gadar Kobe da Lissafin Girgizar Ƙasa

Ranar 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan, mutum fiye da 6,000 suka rasu. Gadar Hanshin da ke birnin ta kwanta gefe guda, tsawon mita sama da 600.

Lissafi mai sauƙi yana ɗauka cewa idan aka yi girgizar ƙasa gini zai lanƙwasa ya koma daidai. Kankare ba haka yake ba: yakan tsage, rodi ya miƙe bai dawo ba, ginshiƙi ya yi ta raunana da kowace jijjiga. Shi ya sa injiniyoyi kan zana gada cikin kwamfuta, su jijjiga ta da bayanan girgizar baya, su ga inda za ta fara gazawa. Aikin na cin lokaci da kuɗi, amma a ganina asibiti da gadar birni sun cancanci wannan wahala.