Girgizar ƙasar Haiti: wa ke wanke miki bayan baƙon likita ya koma gida?

Ƴan'uwa ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, an nemi in yi muku magana a kan likitocin sa kai, waɗanda ke barin gidajensu su tafi ceto inda bala'i ya faɗa. Misali ɗaya zan ɗauka, na ƙasar Haiti, don a can ne aka ga amfanin wannan aiki ƙuru-ƙuru, kuma a can ne aka ga inda yake gazawa.

Ran Talata 12 ga watan Janairu 2010, gab da ƙarfe biyar na yamma, ƙasa ta girgiza kusa da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Abin bai kai minti ɗaya ba. Fadar shugaba René Préval ta rufta, ofishin ministan kiwon lafiya ya rufta, haka ma mazaunin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda shugaban tawagarta Hédi Annabi ya rasu. Gwamnati ta ce mamatan sun haura 200,000. Wasu masu bincike sun ce ba su kai haka ba. Ko wanne lissafi aka bi, birni ne ya wayi gari da dubban karyayyu, alhali masu ɗorin su ma gini ya danne su. A babban asibitin gwamnati, makarantar koyon jinya ta faɗa wa ɗalibanta. Asibitin Trinité na ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF ɗin nan da mutanen Maraɗi suka sani tun yunwar 2005, shi ma ya rushe da majinyata da ma'aikata a ciki.

Kwanakin farko, kafin jirage su fara sauka, ƴan ƙasa ne suka riƙe aikin, tare da likitocin Kuba da ma'aikatan ƙungiyoyin da dama suna zaune a can. Wannan kan ɓace a labaran rediyo. Malamar jinyar da ba ta san ko ɗanta na da rai ba, ita ce ke ɗinke kan ɗan wani a tsakar gidan asibiti, domin majinyata sun ƙi shiga ɗaki, ƙasa ba ta daina motsi ba.

Sannan baƙi suka kwararo. Ban raina su ba, kuma kada kowa ya raina su. Wanda gini ya danne wa ƙafa awoyi da yawa, naman da ya mutu yakan saki guba cikin jini, gubar ta kashe ƙoda. In ba a yi masa ƙarin ruwa da wankin ƙoda ba, sai ya cika bayan an riga an yi murnar fito da shi. Irin wannan aiki sai gwani da na'ura. MSF ta kafa asibitin tanti mai hurawa a filin wata makaranta, bayan an karkatar da jirgin da ya ɗauko shi zuwa Jamhuriyar Dominika, aka ƙaraso da shi a mota, don sojan Amurka ke raba izinin sauka a filin jirgi, kuma layi ya yi tsawo. A tsakanin nan har kasuwa ma'aikatanta suka shiga neman zarton da za su ci gaba da yanke ƙafafun da suka ruɓe. Rayuka da dama sun tsira ta hannunsu.

To amma ba kowane baƙo ne ya zo da shiri irin wannan ba. Wani likitan fiɗa ya sauka da jakarsa kawai: ba mai sa barci, ba tukunyar dafa kayan aiki, ba ya jin Faransanci balle Kiriyol, harshen talakan ƙasar. Kwana bakwai ko goma gare shi. Ya yanke ƙafa, ko ya soka ƙarafan ɗori cikin ƙashi, ya hau jirgi. Ba takardar da ta nuna abin da aka yi wa majinyaci; wani lokaci a jikin bandejin ake rubutawa. Bayan wata biyu ga mutum da ƙarfe a cinya, miki ya yi ruwa, ba a san wanda ya sa ba balle wanda zai cire. Ƙungiyar Handicap International ta kiyasta a lokacin cewa waɗanda aka yanke wa gaɓa sun kai 2,000 zuwa 4,000. Yankan ƙafa aikin sa'a guda ne. Wankin mikin, gyaran dungun, ƙafar roba da koyon tafiya da ita, wannan aikin shekaru ne, kuma yaro sai an sake masa wata duk lokacin da ya ƙara tsawo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Duk wannan kaya a kan ɗan gari ya sauka.

Ku ƴan kasuwa, ga abin da ya shafe ku. Akwai wani asibitin kuɗi a Port-au-Prince, CDTI, ɗaya daga cikin mafi kayan aiki a ƙasar. Ya buɗe ƙofarsa kyauta, likitocin waje suka yi ta fiɗa a ɗakunansa. Kuɗin shiga ya tsaya, albashi ya gagara, kuma kuɗin agajin da ake ta shelarsa bai biyo ta kansa ba. Cikin watannin farko na 2010 ɗin ya rufe. Ku kuma ma'aikata kun san sauran zancen: ONG ta zo da albashin da ya ninka na gwamnati, sai likitan gwamnati ya ajiye aikinsa ya bi ta. Wa zai ga laifinsa? Amma ran da ONG ta naɗe tabarmarta, ɗakin da ya bari wayam yake.

Ana cikin haka, a watan Oktoba 2010, kwalara ta ɓarke a kwarin kogin Artibonite, daga sansanin sojan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal. Ta kashe mutum kusan 10,000. Sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti.

An ɗan koyi darasi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idojin tawagogin likitocin waje, ta kasa su aji uku gwargwadon abin da suke iyawa. Tawaga ta zo da ruwanta, wutarta da maganinta, ta yi rajista wurin ministan lafiya na ƙasar da ta sauka, ta rubuta abin da ta yi wa kowane majinyaci, ta kuma san hannun da za ta miƙa shi kafin ta tashi. A shekarar nan kuma aka buɗe asibitin koyarwa na Mirebalais mai gado wajen 300, wanda ƙungiyar Partners In Health ta gina tare da gwamnatin Haiti don horar da likitocin ƙasar.

Babban asibitin gwamnati kuwa, wanda Faransa da Amurka suka yi alkawarin sake ginawa, an shafe fiye da shekara goma ba a gama shi ba. A 2024 ƴan daba masu bindiga suka mamaye unguwar, aka rufe shi. Ran 24 ga Disamba na shekarar, da hukuma ta yi yunƙurin sake buɗe shi, suka buɗe wuta, suka kashe ƴan jarida biyu da ɗan sanda guda.