Jawabi: Idan na'urar asibiti ta yi kuka, mi za mu yi?

Yau maganarmu a kan jinya take.

Wanda ya kai maras lafiya babban asibiti, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, yana iya ganin wata na'ura kusa da gado. Ta yi kama da ƙaramar talabijin. Wayoyinta suna manne a ƙirjin maras lafiya, da damtsensa, da yatsarsa. Wani lokaci sai ta kama kuka. Daga nan sai hankalin ƴan jinya ya tashi, su ce rai ya yi halinsa. Ba haka ba ne.

Na'urar nan mai gadi ce. Dare da rana tana ƙidayar bugun zuciya da numfashi. Tana awon ƙarfin jini da iskar okisijan da ke cikin jini. Ku da kuka koyi lissafi kuna iya karanta lambobin.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda. Yana numfashi sau 12 zuwa 20. Okisijan kuwa, 95 zuwa 100 shi ne daidai. Idan ya sauka ƙasa da 90, akwai haɗari. Zuciyar jinjiri ta fi ta babba sauri. Don haka lokotoro ne ke sa wa kowa iyakarsa, ta sama da ta ƙasa, kamar iyakar gona. Lamba na ƙetare iyaka, sai mai gadi ya yi kira.

Kukan ba iri ɗaya ba ne. Jar wuta da kuka mai sauri: a zo yanzu-yanzu. Rawayar wuta: a duba ba da daɗewa ba. Wani kukan kuma ba na ciwo ba ne. Ko waya ta kwance, ko maras lafiya ya motsa, ko yatsarsa ta yi sanyi, ko batir ya kusa ƙarewa. Amma rarrabewa aikin lokotoro ne, ba namu ba.

To, ga abin da za mu riƙe:

1. Idan ta yi kuka, mu dubi maras lafiya, mu kira lokotoro nan take.
2. Kada mu taɓa maɓallan na'ura. Kashe kukan ba ya kashe ciwon.
3. Kada mu cire wayoyin don maras lafiya ya samu barci.
4. Kada mu zare ta daga lantarki don mu yi cajin salula.
5. Idan muka ga numfashinsa ya sake, mu yi kira, ko da na'ura tana shiru.

Ƴan uwa, mai gadin da aka rufe wa baki ba ya tsare gida. Ku kai wannan magana ga waɗanda ba su zo ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.