Darasi Na Goma Sha Huɗu: Tattalin Rumbu Da Dukiyar Iyali

 Ya ku ƴan'uwa musulmi na Ollelewa da Bakin Birji da Tanut da Belbeji, da duk inda muryar nan ta iske ku, Allah ya karɓi azuminmu.

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya, ya ce: Malam, ajiye abincin shekara bai saɓa wa tawakkali ba? Amsa ita ce bai saɓa ba. Ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda. Annabi Yusufu kuwa, alaihis salam, shi ya umurci mutanen Masar su bar hatsin shekaru bakwai na wadata cikin zangarniyarsa domin shekaru bakwai na fari. Mu mutanen Damargu ba sai an fassara mana wannan ba. Manyanmu sun ga 1973 da 1984, yaranmu ma sun ga 2005, bayan farin ɗango sun cinye gonaki. Wanda ya ga an sayar da saniya a kuɗin da bai kai buhu biyu ba, ya san darajar rumbu.

To, tattali yana farawa da lissafi, kuma a nan yawancinmu muke da rauni. Maigida ya san adadin awakinsa, amma ka tambaye shi tiya nawa ake dakawa a gidansa kowace rana, sai ya ce a tambayi mata. Mu ɗauka tiya 2 ce. A wata 60 ke nan, a shekara 720. In buhu yana cin tiya 40, gidan nan yana bukatar buhu 18 kafin wata kaka. Da zarar an gama sussuka, a fara fitar da haƙƙin Allah: in amfanin ya kai sa'i 300, ana ba da ɗaya bisa goma, tun da ruwan sama ya shayar da shi. Sai a ware iri, sai a ware buhu 18 ɗin nan a rufe. Abin da ya ragu, shi kaɗai ne na kasuwa.

Amma me muke yi? Da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, a lokacin muke lodin amalanke zuwa Bakin Birji domin biki da kayan ɗaki da babur. Idan damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma wurin wanda ya saya mu sayi hatsinmu da tsada, ko mu ci bashi. Ku saurara da kyau. Wanda ya ranta maka tiya ɗaya da sharaɗin ka mayar da biyu da kaka, riba ce ƙarara, mai ba da ita da mai karɓa duk sun shiga zunubi. Wannan dabam yake da cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya. Malamanmu sun halatta shi idan an ambaci mudu sananne da siffa sananniya da ajali sananne. Halaccinsa dai bai zama lasisin matse talaka cikin yunwa ba. Kowane bashi kuma a rubuta shi da shaidu. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sau nawa aka zo zaurena bayan rasuwa, magada na musu, ba takarda, ba shaida, zumunci ya lalace a kan jika ashirin!

Sai maganar juya dukiya. Ƴaƴanku na aiko da kuɗi daga Libiya da Aljeriya da Agadas, wasu na karɓar albashi a matatar man SORAZ da ke nan ƙasarmu tun 2011. Kuɗin nan gumi ne, wani ma ransa ya kusa barin a hamada kafin ya same su. Kada a ƙulle su duka a takarda. Waɗanda suka kai shekaru sun tuna watan Janairu na 1994, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, masu ajiyar naira kuma sun ga nasu. Kada kuma a zuba su duka a dabba, domin fari in ya zo ba ya barin garke. A raba: kaɗan a hannu domin ciwo da haihuwa, wasu a hatsi, wasu a tunkiya ko akuya mai haihuwa, ko ragon turka da za a sayar da Layya. Wanda ba ya iya fatauci ya ba amintacce jari bisa ƙiradi: a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, in an yi asara ba tare da sakaci ba, ta mai dukiya ce, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Amma duk wanda ya ce kawo jika ɗari, kowane wata zan ba ka goma, uwar kuɗinka kuma lamuni ne a kaina, wannan ba ƙiradi ba ne, ku nisance shi.

Kalma guda ga magidanta. Akuyar matarka da kuɗin adashenta da abin da ta tara a asusun Mata Masu Dubara, mallakarta ne. Ciyar da gida wajibinka ne kai. In ta taimaka, alheri ta yi, in ka ranta, ka biya ta kamar yadda za ka biya baƙo. Na kuwa lura, a shekarun tsanani, gidaje da yawa awakin mata ne suka fisshe su.

Yanzu ga Sallah ta gabato. Ka fara auna zakkar fidda kai, sa'i guda ga kowane rai da kake ciyarwa, kafin ka je wurin tela. Gobe in Allah ya kai mu, za mu shiga zakkar raƙuma da shanu da tumaki, domin makiyayan Belbeji sun yi tambaya a kanta.